Cikin jirgi a barajin Mozage

Bayan damina, duk wanda ya baro Ƙonni ya shiga jirgin masunta a barajin Mozage zai ga abin sha'awa: ruwa shimfiɗe, balbelu na shawagi. Amma matuƙi ya san abin da baƙo bai sani ba. Inda a da gorarsa ba ta taɓa ƙasa, yau laka take tokara. Kowace shekara Majiya na kwaso rairai daga tuddan da aka sare wa itatuwa, ta zube shi a nan. Da wannan ruwa ne manoman Ƙonni ke noman alkama da albasa. In baraji ya cike, noman rani ya mutu. Maganin yana tudu: shuka itatuwa da tare zaizayar ƙasa.