Ashe Rediyon Lafiyarsa Ƙalau, Sifikoki Ne Suka Mutu!

Jama'a, duk mai tsohuwar mota 'yar Kwatano da yake shirin ɓalle rediyon da ta zo da shi ya jefar, don girman Allah ya dakata ya saurare ni tukuna. Na ga wani abu a cikin ƙofar motata da ya hana bakina rufuwa. A majalisarmu ta Limawa na faɗa, a bakin masallaci na faɗa, a layin shan mai na faɗa wa mutumin da ban ma san sunansa ba, kuma ga shi yau ina rubutawa. Rediyon nan na kamfani da muke rainawa, mai manyan maɓallai da ɗan koren haske, a mafi yawan motoci ba shi da laifin komai. Sifikokin da ke ɓoye a bayan marfin ƙofa su ne suka daɗe da mutuwa, mu kuwa muna ta zagin mai rai.

Motata ƙarama ce 'yar Japan ƙirar 2005, ta yi zaman Amurka kafin ta zo ta sha ranar Jigawa. Sautinta ya kai inda in na kama Rediyo Jigawa ko Freedom ta nan Dutse muryar mai labarai a dakushe take fitowa, in na ƙara murya kaɗan sai ƙofar hagu ta kama farfar-farfar, ta dama kuma ta yi gum. Duk wanda ya shiga, shawara ɗaya ce: cire shi ka sa mai allo, irin na Android, ka huta. Da wannan niyyar na je wurin wani mai wayarin a nan gari, saurayi ne mai natsuwa, kuɗina a aljihu. Ya kunna, ya murɗa sautin hagu, ya murɗa dama, ya kara kunnensa a jikin ƙofa, sannan ya ce, "Yallaɓai, kafin ka kashe kuɗinka bari mu buɗe ƙofar nan mu gani."

Kai! Da ya zare marfin, ga sifikar nan a fili, zoben soson da ke riƙe bakin takardarta ya cinye ɗungurungum, sai ɗan gutsure a gefe ɗaya. Na sa yatsa na taɓa, ya zama gari a hannuna. Takardar tana lilo, ba abin da ke riƙe da ita sai zaren tsakiya, ƙura ta yi mata kauri. Shekara da shekaru ashe wannan abin nake saurare, ina cewa rediyo ya tsufa!

A nan tsaye aka warware mini yadda abin yake, daga baya kuma na je na bi diddigi na karanta. Sifika ba wani tsafi ba ce. Maganaɗisu ne a baya, da nadin siririyar waya a cikinsa, da mazubin takarda ko roba a gaba. Rediyo ya turo wuta mai kai da komowa, nadin wayar ya motsa, mazubin ya tura iska, kunne ya ji. Tun 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka fitar da wannan tsarin, kuma har yau shi ne a cikin ƙofar motarka. Zoben bakin nan shi ke riƙe mazubin ya tafi gaba ya dawo a miƙe, ya kuma hana iskar baya haɗuwa da ta gaba. To ka tuna Afrilu da Mayu a Dutse, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe a rana cikinta ya wuce 60. Ka ƙara ƙurar hunturu, ka ƙara ruwan damina da ke silalewa ta gefen gilashi ya shiga cikin ƙofa. Wane soso ne zai jure wannan shekara goma sha? Shi kuwa rediyo yana zaune a cikin dashbod, ƙarfe da waya ne, ba abin da ya same shi.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne maganar wat. Duk mun saba mu ɗauki kwali a shago mu ga an rubuta wat 500 ko 1,000 da manyan jajayen lambobi, mu ce wannan ita ce mai ƙarfi. Ashe lambar nan ba ƙarar da sifika za ta yi take nufi ba, ƙarfin wutar da ake cewa za ta iya jurewa ne, shi ma na ƙiftawar ido. Lambar gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, kuma kullum ƙarama ce. Rediyon kamfani kuwa, da yake batirin mota bolt 12 ne, in inji na aiki ya kai wajen 14, abin da yake iya turawa kowace sifika tsaf ba tare da dakushewa ba bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ba. Ka ɗauko ƙatuwar sifika mai nauyin maganaɗisu da aka ƙera don a haɗa ta da amfilifaya ka jona wa wannan rediyo, ba zai iya motsa ta yadda ya kamata ba. Sai ka yi ta ƙara murya har sautin ya fara tsagewa, kuma wannan tsagewar ita ke ƙona ƙananan sifikoki, ba yawan ƙarfi kaɗai ba. Mutum ya kashe kuɗi mai yawa, ya samu sautin da bai kai na da ba, ya koma yana cewa ai dole sai an canja rediyo.

Lambar da ya kamata ido ya nema tana bayan kwali da ƙananan haruffa: desibel nawa sifikar ke bayarwa in an ba ta wat ɗaya tak, a ji daga nisan mita ɗaya. Ku riƙe wannan, don wallahi nan ne sirrin yake: bambancin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin wuta sau biyu. Sifika mai 91 tana ba da ƙarar da mai 88 za ta bayar da rabin wutar! Wato ba ka taɓa rediyo ba, amma kamar ka ninka ƙarfinsa. Sai dai a lura, wasu kamfanoni da bolt 2.83 suke aunawa, wanda a sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta) wat biyu ne, sai lambarsu ta ɗaga da 3 a banza. In za ka kwatanta biyu, ka tabbata ma'auni ɗaya aka yi musu.

Da wannan ilimin na bi ta Gaya da Wudil na shiga Kano. Na leƙa Ƙofar Ruwa inda kayan mota suke jibge, har da sifikokin da aka ciro daga motocin da aka yanka, sannan na gangara Sabon Gari wurin masu kayan sauti. Na kamfani da aka ciro suna da arha kuma suna zama daram, amma shekarunsu ɗaya da waɗanda suka mutu mini, don haka na wuce. Sunaye dai ga su nan, Pioneer, Kenwood, JBL, Sony, kuma kowa ya san duk sunan da ya yi kasuwa ana buga jabunsa, sai mutum ya buɗe kwali ya duba da idonsa. Na zaɓi masu inci 6.5, bakin roba baƙa maimakon soso, mazubin roba mara shan ruwa, om 4, marasa nauyi, da 'yar tuwita a tsakiya mai fitar da siririn sauti. Girman ya danganta da mota. Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunan Dutse, inci 6.5 ne a ƙofofin gaba, a bayan kujerar baya kuma masu siffar ƙwai ne, 6 da 9.

Maganar om kada a yi mata riƙon wasa. Yawancin rediyon kamfani om 4 suke so. Amma in motarka ta zo da tambarin JBL ko Bose a jikin ragar sifika, to akwai amfilifaya a ɓoye, ƙarƙashin kujera ko cikin but, kuma sau da yawa sifikokinsa om 2 ne. Ka sa masu 4 a nan, sauti zai ragu. Ka sa masu 2 a rediyon da aka yi wa 4, zai yi ta zafi. A karanta bayan tsohuwar kafin a sayi sabuwa.

Ranar ɗaurawa ban matsa ko nan da can ba, kuma na gode Allah da na tsaya, don rabin daɗin sautin a hannun mai ɗaurawa yake. Tsofaffin da ƙusar ribit aka kafe su, sai da aka huda da dirila. Ya sa zoben roba ya cike giɓin da ke tsakanin sabuwar da ƙarfen ƙofa, ya sauke gilashi har ƙasa ya tabbata bai gogi maganaɗisu ba, ya ƙi yanke wayar kamfani, ya jona da soket. Sai na ga yana zagaye bakin da soso mai gam, yana dannawa kamar mai tsoron iska ta tsere. Na ce, "Malam, wannan kuma na mene ne?" Ya ce, "Ƙofar ita ce akwatin, Yallaɓai." Nan take na gane: ƙofa ga sifika kamar ƙoƙo ne ga gurmi, in ƙoƙon ya tsage, duk kyan tsirkiya ba za ka ji amo ba. Iskar da mazubi ya tura gaba da wadda ya ja baya kishiyoyin juna ne, in suka haɗu ta wani giɓi sai su kashe juna, kaurin sautin ya ɓace. Ledar nan kuma da ke manne a cikin ƙofa, wadda wasu ke yagewa su yar, ya mayar da ita wurinta, don ita ke tare ruwan damina.

Sannan ya ciro ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 daga aljihu, ya taɓa wayoyin sifikar da shi. Mazubin ya yi tsalle waje, tuk! Ya juya batirin, ya shige ciki. Da wannan ake gane ƙafar da ke da alamar tarawa: in kan batirin ya taɓa ta, waje mazubin zai fito. Dole hagu da dama su fito tare su koma tare. In aka juya wayar guda, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sauti ya zama holoƙo. Kuma kai ma za ka iya gwada motarka yau ba tare da ka kwance komai ba: kunna abu mai kiɗa, mayar da sautin gaba, murɗa shi gaba ɗaya zuwa hagu, sannan ka dawo da shi tsakiya. In kaurin ya fi yawa a gefe ɗaya, ya ragu a tsakiya, to an juya maka waya. Motoci nawa ne ke yawo a garin nan da wannan ciwon, masu su na tara kuɗin sabon rediyo?

Da aka rufe ƙofofi na hau hanyar Shuwarin, na sa Haruna Uji na Haɗeja. Allahu Akbar! Gurmin nan da na sani tun ina yaro, na ji yatsa na sauka a kan tsirkiya, na ji ƙoƙon na amsawa daban, muryarsa kuma tana tsaye a gabana saman sitiyari maimakon ta taso daga ƙasan ƙafata. Na sa Mamman Shata, kalangai suka rabu, kowane da bakinsa, 'yan amshi suka koma bayansa inda ya kamata su tsaya. Amma inda tsigar jikina ta tashi shi ne karatun Shaihu Mahmud Khalil al-Husari na Masar, wanda a 1961 aka fara naɗar Alƙur'ani cikakke da muryarsa a salon tartili. Sin ta fita daban, sad ta fita daban, gunna ta cika motar, har jan numfashinsa kafin aya ina ji. Sai da na gangara gefen titi na tsaya. Rediyon nan dai shi ne, wanda na so in jefar!

Shi ya sa nake ganin mu a nan ƙasar muna sayen kayan sauti a juye. Me muke saurare a mota? Labarai, tafsiri, karatu, shirye-shiryen siyasa da daddare, waƙoƙin da kalmominsu ne dukiyarsu. Duk muryar ɗan Adam ce. Tsohuwar wayar tarho girgiza 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa kawai take ɗauka, kuma da wannan zangon ake gane magana, kaifin harufa kuma yana can sama da haka. Wufa, wato ƙatuwar sifikar kaurin sauti da ake cusawa a but, ba ta taɓa wannan yankin ko kaɗan, ƙasa can take aiki. Ba na hana saurayi wufarsa, in yana so akwai 'yar na'urar da ke karɓar sauti daga wayoyin sifika ta miƙa wa amfilifaya, rediyon kamfani na nan a wurinsa. Amma ta cinye wurin buhun shinkafa, ta ja batir, ta girgiza tagogin maƙwabta, kuma ba za ta sa ka ji abin da malam ya ce ba. Kuɗin farko na ƙofofin gaba ne, don nan kunnuwanka suke.

Shi kansa rediyon yanzu kallon girma nake yi masa. Ina murɗa shi ba tare da na ɗauke ido daga titi ba, abin da ba ya yiwuwa da allon da sai ka kalla ka danna, a hanyar da akuya da ɗan acaɓa ke faɗowa ba sallama. Yana kama tasha da kyau, ba ya jiran ya farka in an tayar da mota, kuma ɓarawo ba ya fasa gilashi dominsa. Masu cewa ai ba ya haɗuwa da waya, wannan ma da maganinta. 'Yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari tana aika sauti ta zangon FM, tana aiki, sai dai takan zo da shuu, kuma sababbin sifikoki ba sa ɓoye wannan shuu ɗin, fito da shi suke yi. Wadda ta fi ita ce mai shiga ramin da kamfani ya tanada a bayan rediyo don na'urar canja faifan CD, wanda da yawa daga motocin Toyota da Honda na shekarun 2000 suke da shi. A jona mata Bluetooth ta nan, sauti ya shiga kai tsaye, tas.

Abu ɗaya kada ya ba ka mamaki: a kwanakin farko za ka iya jin kaurin sautin bai kai yadda ka zata ba, don robar bakin sabuwa ce, da tauri, kuma kunnenka ya saba da ruɗin tsohuwar. Kada ka yi saurin murɗa bas zuwa ƙarshe, wannan shi ke cinye 'yar wutar da rediyon ke da ita. Ni na mayar da bas da tirebul tsakiya, na ɗaga bas ɗin mataki ɗaya kawai, kuma ba na kai murya inda za ta fara tsagewa. Sifikokin baya ban taɓa su ba tukuna, na dai karkatar da sautin zuwa gaba, sai in kuɗi sun samu bayan girbi. Maƙwabcina mai Golf ya riga ya ce ranar Asabar zai bi ni mu buɗe tasa ƙofar.