Bakin Bindiga Shi Ke Faɗin Nufin Mai Ita

Duk maƙerin da ya san aikinsa, idan maharbi ya zo neman bindiga, ba ya fara maganar kuɗi sai ya tambaye shi abin da zai harba. Tambaya ce mai nauyi, domin daga amsarta ake sanin faɗin bakin bindiga da tsawonta da irin harsashin da za ta ci. Mai bin makwarwa da zabon daji yana bukatar wadda ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, mai neman gyado ko ɓauna kuwa sai wadda ke jefa dunƙulallen harsashi guda. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Turawa ma a kan wannan tambaya suka gina sana'arsu. Abin da suke kira bindiga mai lamba 12, asalinsa shi ne a raba dalma laba ɗaya gida goma sha biyu, a mulmula kowane kashi, to faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bakinta, watau milimita 18 da rabi ko kusa da haka. Saboda haka mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 ƙanƙantar baki. A 1912 kamfanin Holland & Holland na birnin Landan ya fito da harsashi mai faɗin inci .375 domin manyan namun daji, har yau kuma ana farauta da shi a Afirka. A Amurka mutum yakan ba da aikin bindiga kamar yadda mu ke ba tela ɗinki, har da irin wadda ke ɗura wa kanta sabon harsashi bayan kowane harbi.

Mu a nan, abin da na buɗe ido na gani shi ne adaka da baushe, masu cin albarushi ta baki. Kawuna maharbi ne, kuma bindigarsa wani tsohon maƙeri ne ya ƙera masa. Na ji yana ba da labari cewa sai da tsohon ya auna tsawon hannunsa kafin ya sassaƙa ƙotar, ya kuma hana shi ɗauka sai da aka ɗaure ta a jikin itace aka ja kunamarta da igiya daga nesa, don kada ta fashe a hannun mutum. Ba shi da takardar makaranta, amma ya san cewa sunansa na tafe tare da kowace bindiga da ta fita daga maƙerarsa.

To, ita ma doka bakin bindiga ta duba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, a cikinsu akwai bindigogin soja masu faɗin milimita 7.62 da 9, da inci .300 da .303. Na biyu su ne na farauta, waɗanda Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu, amma dokar ta cire masu watsa dalma da ke ɗura wa kansu harsashi daga wannan kashi. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin na kawuna. Ƙera su ma sai da izini. Ke nan tun kafin samun mulkin kai an bar wa maƙeri da maharbi ƙofa, sai dai kaɗan daga cikinsu ne suka san inda take.

Ina zaune a Abuja, inda ake rubuta dokokin nan, kuma a nan ne Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021. Amma mutum ba zai yi tafiya mai nisa ba, ya nufi ƙauyukan Kwali ko Abaji ko Bwari, sai ya ga manomi da bindigar gida a kafaɗa, yana tsare gonarsa daga birai, yana kuma tsoron masu satar mutane. A wurin aiki kuwa sau da yawa nakan ga hotunan bindigogin ƙirar gida da 'yan sanda suka kama an jera su a ƙasa. Wasu na maharba ne, wasu kuwa an kwaikwayi na soja ne, masu cin harsashi da yawa. Wanda ya ƙera irin waɗannan bai tambayi abin da za a harba ba, ko kuwa ya san amsar ya yi shiru. Babu makwarwar da ke bukatar harsashi talatin.

Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma mun ga sakamakon haka. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, maharba ne da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, bayan an ga bindigogin gida a motarsu. Lalle babu wata hujja ga wannan ta'asa. Amma ta nuna yadda aka kai matsayin da jama'a ba sa bambanta kayan sana'a da kayan ta'addanci.

A ganina hana ƙira ba zai yi magani ba, domin ƙarfe da wuta ba su ƙarewa. Abin da ya kamata shi ne hukuma ta kira Sarakunan Maƙera da Sarakunan Baka, a yi rajistar kowane maƙeri, a buga lamba a jikin kowace bindiga, a rubuta sunan mai ita da faɗin bakinta. Wanda ya tsaya kan ta farauta a ba shi takarda ba tare da wahala ba, wanda ya ƙetare zuwa ta yaƙi kuwa doka ta hau kansa. Maƙeran kirki su za su fara murna, gama su ne sunansu ke ɓaci. Allah ya ba shugabanninmu ikon dubawa, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.