Doki Kyauta, Dusa a Wuyana

A 2021 na rubuta wata 'yar manhaja ta lissafin adashe, saboda 'yan uwana da ke Wonaka sun gaji da littafin da ruwan sama ke jiƙawa. Ta Android ce, kuma ba ta buƙatar intanet. Da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban shekarar, sai ta samu karɓuwa, ana tura ta daga waya zuwa waya ta Xender har Tsafe da Bungudu. Na ajiye lambobinta a GitHub a buɗe, duk mai so ya gyara ko ya ƙara.

Daga baya wani ɗan bautar ƙasa da aka turo Gusau ya ce zai yi mata ta iPhone, ko sisi ba zai karɓa ba. Yana da MacBook, yana da asusun Apple. Ban tsaya tunani ba na amsa. Maganar gaskiya, burga ce ta ɗebe ni. Ina son a ce manhajata tana ko'ina. Masu iPhone a cikin mutanenmu kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Tambaya ɗaya ce ban yi masa ba: idan ka gama shekararka ka tafi, wa zai riƙe ta?

Ya gama, ya koma gida, ya samu aiki, saƙonnina suka daina samun amsa. Ban ga laifinsa ba, alkawarin ginawa ya yi mini, bai yi na reno ba. Ni kuwa ba ni da Mac ɗin da ake haɗa manhajar iPhone da ita, kuma asusun Apple dala 99 ne duk shekara, alhali na Google Play dala 25 ake biya sau ɗaya. Da kuɗin asusun ya ƙare, manhajar ta ɓace daga shagon Apple, ta rage a wayoyin waɗanda suka riga suka sauke.

Ɗaya daga cikinsu shi ne ma'ajin wani adashen 'yan hatsi. Na sauya yadda ake ƙirga zubin wanda ya makara a ta Android, tasa kuwa tana nan a tsohon tsari. Ranar kwasa lissafi ya sha bamban, har aka fara yi wa dattijo kallon zargi. Ya kira ni, murya a sanyaye: "Malam, shekara nawa ina riƙe kuɗin mutane, yau wayarka za ta mai da ni ɓarawo?" Na hau mashin na je, na tsaya gaban mutane na ce kuskuren nawa ne, muka sake lissafi da biro. Har yau in na tuna fuskarsa sai kunya ta kama ni.

Sai bayan nan na binciki yadda manya ke yi. Masu kula da Python ba sa saka wani dandali a jerin waɗanda suke tallafawa sai an samu aƙalla mutum ɗaya daga cikin jigoginsu ya ɗauki nauyinsa, tare da na'urar da za ta riƙa gwaji. Da wannan sharaɗin iOS, wato tsarin iPhone, ta shiga jerin a 2024. Masu Linux ma sun cire tallafin kwamfutoci masu Itanium a sigar 6.7, farkon 2024, saboda masu amfani sun ƙaranta kuma ɗawainiyar ta yi wa sauran nauyi. Mutanen da suka fi ni hannu da kayan aiki ke nan, ni kuwa na ɗauki Dala ba gammo da tsohuwar kwamfuta ɗaya.

Na goge ta iPhone, na rubuta sharaɗi a shafin manhajar ga duk mai son kai ta wani dandali: mutum biyu masu na'ura a hannu, da wanda zai biya kuɗin shekara. Watan jiya wani yaro ya ce zai yi mana ta Windows. Na tambaye shi wane ne na biyunsa, ya ce zai nemo.