Kifin da Ummi Ba Ta Gani Ba

A watan Maris na 2020 na kwashi iyalina daga Bagudo zuwa Argungu domin kallon bikin kamun kifi. Mu huɗu ne: ni, da maiɗakina, da ƙanena da ya tuƙa mu, da ɗiyarmu mai shekara biyu da wata biyar, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata ta ci. Wata biyu na yi ina tanadin kuɗin mai da na masauki. Abin da ban tanada ba shi ne amsar tambayar da Inna ta yi mini daren da na je yi mata sallama.

"Wagga 'yar tatsitsiya, mi za ta gani can wanda babu shi nan? In ruwa ne, ga Kwara nan kusa da ku."

Sai na shiga ba ta tarihi, kamar yadda 'yan boko kan yi idan an ƙure su. Na ce biki ne da ya samo asali tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato. Na ce hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Na ce an fi shekara goma ba a yi shi ba, kuma ba wanda ya san yaushe za a sake. Inna ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To, kai ka son zuwa. Allah ya kiyaye hanya."

Akwai wani dalilin da ban faɗa mata ba. Surukata a Segbana take, cikin Jamhuriyar Benin, can gaba da Tsamiya. Ga mutumin Bagudo wannan ba wata ƙasar waje ba ce. Kasuwa ɗaya muke ci, aure ɗaya muke ƙullawa. Amma tun da gwamnati ta rufe iyakokin tudu a Agustan 2019, ƙetarawa da ƙaramar yarinya ya zama abin da mutum zai yi tunani sau biyu a kai. Wata bakwai ke nan Maman Ummi ba ta ga mahaifiyarta ba, kuma ina ganin abin a fuskarta ko ba ta furta ba. Na ɗauka idan na kai su wani wuri mai girma, zan biya wani ɓangare na bashin. Ashe tun daga gida tafiyar ta manya ce, sunan yarinya kawai muka laƙaba mata.

Mun kwana a Birnin Kebbi, muka yi sammako ranar Asabar, ranar babban kamu. Kafin hantsi ya dubi ludayi bakin Matan Fada ya cika ya batse. Wanda bai taɓa gani ba, da wuya a kwatanta masa: dubban masunta jere a gaɓa, kowa da homarsa da ƙaton goransa, makaɗa cikin kwalekwale suna zuga su, ƙura ta tashi ta haɗu da zafin bazara. Ni dai gashin jikina ya tashi. Na ɗaga Ummi na aza ta a wuyana ina cewa, "Duba! Duba ruwa!" Ita kuwa ta cusa yatsu cikin kunnuwana, ta kifa fuskarta a kan hulata, ta fashe da kuka.

Daga baya ne na tsaya na auna abin da idonta. Yaro mai shekara biyu da rabi tsawonsa kusan santimita 90 ne. Idan ka sauke shi cikin taro, abin da yake gani gwiwoyi ne da bakin riguna da takalma masu tahowa kansa. Idan ka ɗaga shi, ga rana a ƙeya, ga ƙarar ganguna da lasifika waɗanda bai san daga ina suke fitowa ba, bai kuma san yaushe za su daina ba. Babba yana jure hayaniya ne domin ya san ma'anarta, ya kuma san tana da ƙarshe. Yaro bai san ko ɗaya ba. Ga batun barci: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar awa 11 zuwa 14 a kowace rana, har da na rana. Mu kuwa mun tashe ta tun asuba, a ɗakin da ba ta sani ba, bayan doguwar tafiyar jiya. Ƙaramin jiki kuma ya fi saurin galabaita da zafi da ƙishirwa, ga shi mai jikin bai iya cewa "ina jin jiri" ba. Duk waɗannan, kalma ɗaya yaro yake da ita ta bayyana su, ita ce kuka. Mu kuma sai mu ce rigima ce.

Uwarta ta karɓe ta, ta ba ta ruwa, ta goya ta har ta lafa. Da ta nemi sauka, aka sauke ta, ta tsaya tsakanina da uwarta tana riƙe da gefen rigata. A daidai nan aka ba da alama. Masunta suka kwarara cikin kogi kamar an ɓalle madatsa, ruwan ya koma baƙi da kawuna. Na zaro waya, na ɗaga ta sama da hannu biyu domin in ɗauki bidiyo.

Bidiyon yana nan har yau: minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. A ƙarshensa ana jin muryar Maman Ummi tana cewa, "Baban Ummi, ina yarinya?"

Ni na zaci tana wajen uwarta. Uwarta ta ga ta riƙe rigata, ta zaci tana wajena. Ƙanena ya ga mu biyu a tsaye, bai ga dalilin sa ido ba. Manya uku a kan yarinya ɗaya, amma babu mai tsaron ta, domin kowa ya jingina da ɗan'uwansa. Ga kogi a gabanmu, tazarar da ba ta fi taku talatin ba. Na san abin da duk wanda ya tashi a bakin Kwara ya sani, cewa ruwa ba ya shawara, kuma ƙaramin yaro ba ya ihu idan yana nutsewa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ma sun nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi kowa mutuwa ta wannan hanya. Na kutsa wajen ruwa ina ture mutane, ina kiran sunanta cikin hayaniyar da ni kaina ba na jin muryata. Ban san abin da na karanta ba a lokacin. Na dai san bakina bai daina motsi ba.

Ƙanena ne ya gan ta, kuma ba ta wajen ruwa ta bi ba. Baya ta koma, inda hayaniya ta yi sauƙi, ta iske wata dattijuwa mai sayar da kifi a inuwar rumfa. Matar ta zaunar da ita a gefen tabarma, ta dafa ƙafarta da hannu ɗaya don kada ta ƙara gaba, tana ci gaba da cinikinta da ɗayan. A gabansu akwai daro da 'yan tarwaɗa masu rai suna motsi. Ummi ta tsuguna ta zuba musu ido, tana kai yatsa tana janyewa, tana ƙyalƙyala dariya. Dariyarta ta farko ke nan tun da muka bar Bagudo.

Na rasa bakin godiya. Matar ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi wayar da ke hannuna har lokacin, ta ce, "Ɗana, ɗa na kowa ne, amma riƙo na mai shi ne." Maman Ummi ba ta ce mini uffan ba. Ta ɗauki ɗiyarta ta goya, ta ɗaure zane tamau, ba ta sake sauke ta ba sai a mota. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A ranar aka kama giwan ruwa mai nauyin kilo 78, wanda ya ci gasar. Ba mu gan shi ba. Muna rumfar mai kifi, Ummi na barci a bayan uwarta.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina, har ta kai ni ga karance-karance. Tambayar Inna, ashe, tambaya ce da iyaye ke yi a ko'ina. A Amurka, inda aka buɗe Disneyland a Kalifoniya a 1955, iyali kan yi tanadin shekara guda domin kai yara wurin wasan, kuma yaron da bai kai shekara uku ba ba a karɓar kuɗin shigarsa. A nan gida ma haka muke cika gidan zu na Kano da wuraren lilo na Abuja ranar yawon Sallah, da jarirai a kafaɗa, cikin sababbin kaya masu ƙaiƙayi. Ko'ina dai maganar ɗaya ce: me ya sa za a wahala a kai wanda ba zai tuna ba?

Gaskiya ne ba zai tuna ba. Yawancin manya ba sa iya tuno abin da ya faru kafin su kai shekara uku zuwa uku da rabi. Sigmund Freud ne ya raɗa wa abin suna, mantuwar ƙuruciya, a farkon ƙarni na 20, ko da yake masana na yau ba su bi shi a kan dalilan da ya bayar ba. Sun fi danganta shi da cewa sashen ƙwaƙwalwa mai adana aukuwa, wanda suke kira hifokamfas, bai gama nuna ba a waɗannan shekaru, kuma yaro bai mallaki harshen da zai ɗaure abin da ya gani ya zama labari ba. Wani abin mamaki shi ne, mantuwar ba nan take take zuwa ba. Binciken da Patricia Bauer da Marina Larkina suka yi a Jami'ar Emory ya nuna yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai suna tuna fiye da rabin abubuwan da aka tattauna da su a kai suna da shekara uku, amma zuwa shekara takwas ko tara sai yawancinsu su zube. Na ga haka da idona. Tana da shekara huɗu, in an ambaci Argungu, Ummi kan ce "kifi cikin daro". Yau ba ta da wannan hoton. Abin da take da shi labarin da muka ba ta ne.

Sai dai rashin tunawa ba ya nufin ba a ɗauki komai ba. Ba wanda ke tuna ranar da ya koyi tafiya ko ya fara magana, amma da su yake rayuwa. Abin da yaro ke kwasa a waɗannan shekaru ba sunan wuri ba ne, ba kuma girman taro ba. Yana koyon ko duniya wurin tsoro ce ko wurin leƙe-leƙe, ko in ya yi kuka ana zuwa, ko baƙuwar fuska na iya zama alheri. Wannan kuwa ba ya bukatar kifi mai kilo 78. Tarwaɗa uku a daro sun isa, muddin akwai inuwa, da cikakken ciki, da hannun da ke dafe da ƙafarsa.

Ban fito daga wannan da ra'ayin a bar yara a gida ba. Iyaye ma mutane ne, suna da hakkin ganin duniya, kuma uwar da ke shayarwa ko reno ba za a ce ta zauna shekara uku a tsakar gida ba. Abin da na koya shi ne mutum ya faɗa wa kansa gaskiya game da mai tafiyar. In taka ce, ka amsa taka ce, ka shirya wa yaro abin da zai sa ya jure ta: a fita da sanyin safiya, a koma inuwa kafin rana ta take, a bar shi ya yi barcinsa ko da za a rasa babban abin kallo. A rubuta lambar waya a maƙala masa a riga. Fiye da komai, a ambaci mutum ɗaya da baki, a ce "kai ke riƙe da ita yanzu", kuma wanda aka ambata ba shi da waya, ba shi da kallo, har sai ya miƙa ta ga wani da baki. In kuwa tafiyar ta yaron ce da gaske, to a auna ta da takunsa. Inda ya tsaya, nan ne wurin kallon.

Mako biyu da dawowarmu aka fara kulle saboda korona, duniya ta tsaya cik. Sai da aka daɗe, al'amura suka lafa, sannan muka samu kai Ummi Segbana. Babu ganga, babu taro. Kakarta ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta zuba mata tsaba a tafin hannu, 'yan tsaki suka kewaye ta. Wuni guda ta yi a nan ba ta nemi kowa ba. Maman Ummi na zaune kusa da mahaifiyarta suna ɓarar gyaɗa, suna hira ƙasa-ƙasa, na ga fuskarta ta saki irin sakin da ban gani ba a Argungu. Bashin da na so in biya da babban biki, ashe ba a can ake biyan sa ba.

Yanzu Ummi ta shiga firamare, kuma "ranar da na ɓata a Argungu" na cikin labaran da ta fi son bayarwa. Tana ba da shi da ƙarin gishiri: a bakinta kifayen sun zama goma, dattijuwar kuma har ta ba ta alewa. Ba na gyara mata. Abu ɗaya kawai na tabbatar ba a cire daga labarin ba, ko da yake ba ya yi mini daɗi: cewa babanta ne ya saki hannunta domin ya ɗauki hoto. Ta ce in an sake yin bikin in kai ta, tana son ganin babban kifin da idonta. Na yi mata alkawari. Na kuma gaya wa Inna, ta yi murmushi ta ce, "Yanzu kam ita ka son zuwa."