Kano zuwa Abuja: awa ɗaya a jikin tikiti

Direbobin tashar Unguwa Uku da awa suke auna nisan Abuja. "Shida, Alhaji, in hanya ta yi kyau," haka za su ce maka. Titin da ya ratsa Zariya da Kaduna ya faɗa Zuba ya haura kilomita 400. Ta sama kuwa, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe, kusan kilomita 365 ne a miƙe. Da aiki ya kira ni Abuja cikin hunturu, sai na yanki tikitin jirgin safe, wanda aka rubuta wa awa ɗaya.

Tun da duku-duku na isa filin jirgi, aka auna jaka, aka caje mu, muka zauna. Can sai lasifika ta ce a ƙara haƙuri, hazo ya yi yawa. Ƙurar nan daga Sahara iska ke kwaso ta, akasari daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma in ta yi kauri har matuƙi ba ya hango titin sauka daga nesa, ba jirgin da zai motsa. Ta gilashi ina kallon wata motar mai tana tafe da fitila a kunne da hantsi.

Kusa da ni wani dattijo ne ɗan Kantin Kwari, ya ɗora ƙunshin shadda a cinya, yana jan carbi yana duba agogo.

"Malam, da mota na shiga, da yanzu na wuce Tashar Yari."

"To me ya hana, Alhaji?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka manta Kateri da Rijana?"

Ban ƙara magana ba. Shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda garuruwan nan biyu suke, da harin jirgin ƙasa na watan Maris 2022, sun koya wa mutane da yawa biyan kuɗin jirgi ko da aljihu na kuka.

Sai wajen azahar muka tashi. A lissafin takarda, jirgin da ke gudun kilomita 800 a awa zai cinye wannan tazara cikin ƙasa da rabin awa. Amma gajeriyar tafiya ba ta ba shi damar sakin jiki. Jirginmu ya yi ta gangarawa zuwa bakin titi, ya jira izini, ya ɓata kusan kwata yana hawa. Ma'aikaciya ta turo amalanken ruwa da ɗan kek, ba ta kai kujerun baya ba matuƙi ya ce a ɗaura ɗamara, mun fara sauka. Ban ga Zariya ba, ban ga Kaduna ba, sai jan hazo, har duwatsun kewayen Abuja suka ɓullo ƙarƙashin fiffike. Minti hamsin da ɗoriya agogona ya nuna.

Abin da tikiti bai faɗa ba shi ne filin jirgin Abuja na da kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari. Na jira jaka, na yi ciniki da mai tasi har muka daidaita, muka cimma cunkoso a Lugbe. Ana kiran la'asar na sauka a Wuse, na shiga neman inda zan yi alwala in rama azahar.