Gidan Ƙungiya, Hayar Cikin Haya

Duk wanda ya san Wudil shekaru talatin baya, ya san gari ne na kasuwar Juma'a, da kara, da soyayyen kifin bakin gada. Amma tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan 'yan sanda a gefe, sai ɗaki ya zama haja. Ɗalibi na nema, malami na nema, sabon ma'aikaci na nema. Wanda duk ke da gida a garin nan, ko da na laka ne, dillalai sun san ƙofarsa.

Ni kuwa gidan da nake ciki ba a ce nawa ba, ba a ce ba nawa ba. Ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatan wurin aikinmu ce ta sayi fili, ta gina 'yan gidaje masu ɗaki biyu da falo, ta raba wa mambobi, ana zarar kuɗin daga albashi duk wata. Takardar filin tana hannun ƙungiya, kuma ba za ta koma sunana ba sai ranar da na biya kobon ƙarshe. To, ana cikin haka sai na sami gurbin ƙaro karatu na shekara biyu a Zariya. Ka ga ke nan ga yankan albashi ba zai tsaya ba, ga hayar Samaru tana jira na, ga iyali. Lissafi bai fita sai an zuba wani a gidan Wudil.

Abokai suka ce, "Kai Malam, mene ne abin wahala? Ka ba dillali mukulli kawai." Haka wani maƙwabcinmu ya yi a baya. Dillalin ya zuba ɗalibai takwas, kowa da katifarsa da risho, ya karɓi kuɗin shekara a hannun kowanne, ya miƙa wa mai gidan abin da ya ga dama. Kafin damina ta fita, masai ya cika, maƙwabta sun kai ƙara, kwamiti ya zauna. Da ƙyar dattawa suka roƙa ba a karɓe gidan an ba na bayansa a layi ba. Yaran kuwa, da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su aka kora ana dab da jarrabawa, dillali ya kashe waya.

Shi ya sa na fara ɗauko kundin dokokin ƙungiya, wanda yawancinmu mun sa masa hannu ba mu karanta ba. A ciki aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa mamba ba zai ba wani gidan ba, haya ko aro, sai da rubutaccen izinin kwamiti. Ba mu kaɗai ke da wannan tsari ba. A birnin Niyok na Amurka, inda gidajen gama-kai suka yi yawa, wanda ya "sayi" ɗaki hannun jari ya saya a kamfanin da ya mallaki benen, kuma kafin ya sa ɗan haya sai hukumar benen ta tantance mutumin; da yawansu har kuɗi suke caza, su kuma ƙayyade shekarun da za a yi. A nan gida ma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka ta gwamnati ba ya jinginar da fili ko ya miƙa shi ga wani sai da amincewar gwamna. Wato dai ko ita ƙungiyar akwai na gaba da ita, balle ni.

Na kuma tambayi wani malamin fiƙihu a unguwarmu. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ya halatta wanda ya karɓi haya ya bayar da ita ga wani, ko da a kan kuɗin da ya fi wanda ya biya, matuƙar wanda zai shiga bai fi shi cutar da gidan ba. Hanafawa ne suka ƙi cin ribar, sai in mutum ya yi wa gidan wani gyara. Amma ya ɗaga yatsa ya ce, "Sharaɗin da ka sa wa hannu fa ya hau kanka. In sun ce sai da izini, to sai da izini."

Wanda ya fara zuwa da tayi mai tsoka wani furodusa ne daga Kano. Yana neman gidan da zai riƙe shekara guda don ɗaukar shiri mai dogon zango, irin waɗanda suka cika tashoshi da YouTube yanzu. Wallahi raina ya biya, don kuɗin ya kusa ninka na kowa, ga shi ni mai son harkar ne tun zamanin kaset. Har na fara hango falona a talabijin, jaruma tana kuka a kan kujerata. Na kai maganar gaban kwamiti, suka ce a'a. Dalilinsu: gidajen na zama ne, ba na sana'a ba, ga ƙarar janareta har tsakar dare, ga motoci, ga yaran unguwa da za su yi dafifi a ƙofar mutane masu iyali. Na ji haushi a ranar, amma hujjarsu ta fi tawa. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshan ya san ba a yin sa cikin shiru. Su ma 'yan fim ina ba su shawara, in za su kama gida su tambayi wa ke riƙe da takardarsa, kada a tsayar musu da aiki a fitowa ta ashirin.

Daga ƙarshe wani malamin sakandare mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu aka amince da shi. Na rubuta wa kwamiti takarda, na haɗa da sunansa da wurin aikinsa da wanda ya tsaya masa, suka ba ni amsa a rubuce da hatimi. Sannan muka zauna rubuta yarjejeniya. Da na kawo maganar, sai ya ɗan ɓata fuska ya ce, "Haba Malam, ai mu Musulmi ne, ba sai an kai ga takarda ba." Na ce, "Malam, don muna Musulmin ne ma za mu rubuta, mu kafa shaidu. Ni da kai ba mu da tabbacin kai wa baɗi, magada kuwa takarda suka sani."

Abin da na fi dagewa a kai shi ne a faɗa a cikinta cewa gidan na ƙungiya ne, ni mamba ne kawai, kuma haƙƙinsa bai wuce nawa ba: in ƙungiya ta karɓe gidan, hayarsa ta faɗi, ni kuma zan mayar masa da ragowar kuɗinsa. Muka sa shekara ɗaya, ana sabuntawa da sabon izini. Muka rubuta cewa shi ma ba zai zuba wani ba. Kuɗin wuta da ruwa nasa, yoyon kwano da tsagewar bango nawa. Batun notis ma muka ƙayyade wata uku, domin in aka yi shiru, dokokin haya na yawancin jihohinmu wata shida suke ba mai biyan shekara, ni kuwa ban son in dawo daga Zariya in rasa inda zan sauke kaya. Muka ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, shaidu biyu suka sa hannu, aka sanar da mai unguwa, kwafi ɗaya ya tafi ofishin ƙungiya.

Saura haraji, wanda shi ne kowa ke kawar da kai in an ambata. Kuɗin haya kuɗin shiga ne, kuma ana so mutum ya bayyana shi ga hukumar tara haraji ta jiharsa kafin ƙarshen Maris na kowace shekara. Da furodusan nan ne ya shiga da sunan kamfaninsa, doka ta ɗora masa ya zare kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe ya kai wa hukuma. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta yafe Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Sai dai ni albashina ya riga ya cinye wannan, don haka hayar a samansa take hawa. Dokar ta kuma ba ɗan haya sassaucin kashi 20 cikin ɗari na hayarsa, iyaka Naira 500,000. Alal misali, mai biyan 600,000 za a cire masa 120,000 daga kuɗin da ake lissafa wa haraji. To ka ga duk ɗan hayar da ya waye zai nemi rasit, kuma rasit ɗin nan sunan mai karɓar kuɗi ne a jiki. Masu cewa "wa zai sani?" su fara shiri. Ni ma rasit na nema wurin mai gidana na Samaru.

Abu ɗaya ne muka yi ta ja-in-ja a kansa, wato ɗan sito na bayan kicin. Shi yana so ya zuba buhunan masara, ni kuma a nan na tara kwalayen littattafaina na Hausa da tsofaffin kaset-kaset da mujallu tun na farkon shekarun 2000. Na rage masa wani abu a kuɗin, muka rubuta cewa siton ba ya cikin haya, mukullinsa na wurina, amma duk wata uku zai bar ƙanena ya shiga ya duba gara.