Littafin da muka ajiye a gindin famfo

A bayan ajinmu akwai tankin ruwa a kan dogayen ƙarafa, kusa da shi kuma allo mai ɗauke da sunan aikin da na ɗan kwangila, duk rana ta kodar da rubutun. Muna aji ɗaya aka buɗe wannan rijiyar burtsatse. Mun yi layi, mun tafa, wani babban baƙo ya murɗa kan famfo, ruwa ya zubo, aka ɗauki hoto. Kafin mu gama aji biyu, injin ya tsaya.

Duk ɗan Bakori ya san abin da ke biyo baya. A watan Maris da Afrilu rijiyoyin gida suna janyewa, 'yan garuwa suna ƙara wa jarka kuɗi. Aka sa wa makewayin makaranta kwaɗo, tunda ba ruwan wankewa. 'Yan matan ajinmu su suka fi shan wuya, domin sai sun cika randunan gida kafin su fito, su iso an tashi daga asambili, su sha bulalar latti. Wasu in suna al'ada ba sa zuwa ma gaba ɗaya.

Mu dai zaginmu ɗaya ne, gwamnati ta yi aikin banza. Ran nan Malamin da ke koya mana zama ɗan ƙasa nagari ya ji mu, ya ce, "To ku da kuke zagi, kun san sharuɗɗan da ake bi kafin kuɗin ruwa ya fito?" Muka yi tsit. Muka ce, "Allah gafarta Malam, ashe har da sharaɗi?"

Abin da ya faɗa mana, muka kuma bi diddigi daga baya, shi ne wannan. A watan Nuwamba na 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwan sha da tsafta. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don wani shiri da ake kira SURWASH, kuma Katsina na cikin jihohi 7 da aka fara da su, tare da Kaduna da Gombe da Filato da Delta da Ekiti da Imo. Burin shirin shi ne mutum miliyan 6 su samu ruwan sha, makarantu da asibitoci 2,000 kuma su samu ruwa da makewayi. Akwai kuma NG-CARES, na dala miliyan 750, wanda aka kawo don farfaɗo da jama'a bayan annobar korona, inda al'umma ke zaɓen ƙananan ayyuka da kansu, har da na ruwa.

Sharaɗin da ya ba mu mamaki shi ne, mafi yawan wannan kuɗi ba a miƙa wa jiha shi tun farko. Sai jiha ta yi aikin, a turo masu tantancewa waɗanda ba ma'aikatanta ba ne, su je su ga ruwa na zuba, mutane na ɗiba, sannan a biya. Gani ya kori ji ke nan. Da a ce haka aka yi da tamu rijiyar, hoton ranar buɗewa kaɗai ba zai isa a rufe fayil ba.

Sai ɗaya daga cikinmu, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mai tantancewar rana nawa zai yi a garin?" Malam ya yi dariya, ya ce tambayar ta fi ƙarfin darasin yau. Gaskiyarta ne kuwa. Baƙo zai zo ya ga ruwa ranar Talata, ya koma Abuja. Abin da ya faru ranar Laraba mu kaɗai muka sani. Sannan wani abin ya tsaya mana a rai: kuɗin nan rance ne, ko da mai sauƙin ruwa ne, kuma irin wannan rance ana ɗaukar shekaru masu yawa ana biya. Wato mu da ke zaune a kan benci yanzu, mu ne za mu biya kuɗin famfon da ya mutu tun muna yara.

Ba duk sharuɗɗan ne suka kwanta mana ba. Ƙauyen da ba shi da mai iya rubuta takarda da bin ofis yana iya rasa rabonsa, alhali ya fi kowa ƙishi. Amma sharaɗin a kafa kwamitin kula da ruwa a gari, a riƙa tara ɗan abin gyara, wannan mun yarda da shi, domin da muka samo mai gyara ya duba, ashe wata 'yar na'ura ce da ke tsakanin sola da injin ta ƙone. Shekara biyu muna ƙishi a kan abin da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya.

Ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki rabin kuɗin, mu kuma muka tara naira 50 kowane ɗalibi duk Juma'a har ya cika. Ruwa ya dawo a zango na biyu, aka cire kwaɗon makewayi.

Tun daga ranar muka sayi littafi mai shafi 80, muka ja layi uku: kwanan wata, ko ruwa ya zo, da abin da ya lalace. Monita biyu ke cikewa, namiji da mace, kowane mako a sauya. A watan jiya sau huɗu muka rubuta "babu", uku saboda hadari ya rufe rana, ɗaya saboda wani ɗan aji ɗaya ya karya kan famfo. Bana za mu fita, mun riga mun zaɓi 'yan aji huɗu da za mu miƙa wa littafin.